Zarton Kurma

Da Mai Sawu ya iso layin masu katako da hantsi, ya tarar an riga an gama shari'a. An kama mai laifi, an yanke masa hukunci, hujja kaɗai ta rage ba a nemo ba. Gilashin tagar shagon Bakanike yana warwatse a bakin titi, wani ya watsa baƙin mai a ƙofar, maza kusan ashirin kuma suna zaune a rumfar katako suna ba juna labarin da kowannensu ya riga ya sani.

Ga labarin. Jiya da yamma, wani mai yankan itace da ake ce wa Kurma ya kayar da bishiyarsa ta uku a gandun kamfani, ya saki kunamar da ake matsawa injin zartonsa ya yi gudu, ya ɗaga ƙafa zai tsallake gungume. Sarƙar da ya kamata ta tsaya cak da zarar an saki kunama ba ta tsaya ba. Ya yi tuntuɓe, ta kama shi a cinya har ƙashi. Yanzu yana asibiti, likitoci ba su ce ko za a bar masa ƙafar ba. Da aka duba injin, sai aka ga an ɓalle 'yan hulunan roba guda biyu, jajaye, waɗanda ke hana a murɗa sukurorin kafireta fiye da ƙima, an kuma ɗaure sukurorin tam. Shekaranjiya injin ya fito daga hannun Bakanike. Ga mutanen rumfa wannan ya isa.

Mai Sawu ya yi shekara talatin yana gadin daji, yana bin sawun ɓarayin itace da dabbobin da suka ɓace, kafin ya aje aiki. A shekarun nan bai ƙaru da ganin girman ɗan Adam ba. Ya sha cewa akuya ma in ta yi ɓarna ba ta dawowa ta taya ka neman wanda ya yi. Wannan karon ba kamfani ne ya kira shi ba. Auta ce, matar Kurma, 'yar Helma, ƙanen Mai Sawu, wanda shi ne shugaban masu yankan. A waya ta ce masa, "Baffa, ka zo ka samo abin da zai sa mutumin nan ba zai fito ba." Bai yi mata alkawarin komai ba.

Helma ya taso ya tarbe shi, idanunsa jajur, rigarsa da jinin surukinsa a kafaɗa. Tun jiya bai canza ta ba, kuma Mai Sawu ya lura ya tsaya ta yadda kowa zai ga jinin. Helma ya ce Yaya bai kamata ya wahalar da kansa ba, magana ta ƙare, Kofur ɗan sanda yana riƙe da mutumin. Mai Sawu ya tambayi mutanen rumfa ko akwai wanda ya ga Bakanike ya taɓa sukurorin. Babu. Ko akwai wanda ya san abin da zai samu in Kurma ya ji ciwo. Aka ce ai baƙo ne, shekararsa huɗu kacal a layin, ga girman kai, ba ya gyara inji yadda mai inji yake so. Mai Sawu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce lallai sun yi ƙoƙari, ya wuce.

*

Bakanike yana zaune a kan bencin ofishin 'yan sanda, leɓensa a kumbure, an karɓe masa takalmi. Bai roƙi komai ba. Da aka tambaye shi aikinsa sai ya gyara zama kamar malamin makaranta.

Ya ce kafiretar zarto sukurori uku ne da ita. Ɗaya na silo, wato gudun inji in ba a taɓa kunama ba. Ɗaya na ƙaramin gudu, ɗaya na babban gudu, kuma waɗannan biyun ne ke da hula. In ka ɗaure na babban gudu, mai ya ragu, inji ya riƙa ƙara kamar zai tashi sama, mai shi ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru. Amma man da ke hana fistin ƙonewa cikin fetur yake, in ka rage ɗaya ka rage ɗayan. Injin Kurma iyakarsa juyi dubu goma sha uku da ɗari biyar a minti, kuma a nan ya tsayar da shi da na'urar awo, a gaban Kurman. In kuwa jahili ya haɗa da na ƙaramin gudu ya ɗaure, silo ya hau, sarƙa ta ci gaba da zagayawa ko da an saki kunama.

"Duk wanda ya yi aikin nan bai san wanne ne wanne ba," in ji shi. "Ya murɗa biyun ne don ya tabbata ya dace. A kama ni da kisa na yarda, amma kada a ce wannan aikin hannuna ne."

Mai Sawu ya tambaye shi ko an taɓa neman ya cire hulunan. Bakanike ya yi dariya har leɓen ya sake fashewa. Ya ce gara a tambaye shi wa bai nema ba. Kowa a rumfar nan yana so zartonsa ya fi na maƙwabcinsa ihu. Da ya ƙi, sai suka koma wurin wani mai gyaran babur ya ɓalle musu. A zarto goma sha ɗaya da ke layin, na Kurma ne kaɗai ya rage da hulunansa, domin shi ba ya jin ihun balle ya yi sha'awarsa. Shekara ashirin yana yanka ba abin toshe kunne, shi ya sa kunnuwan suka tafi.

Kofur, wanda tun ɗazu yake ta shafa waya, ya ɗago ya ce duk mai laifi haka yake da bakin bayani. Mai Sawu ya tambaye shi ko ya je wurin da abin ya faru. Ya ce mota ba ta da lafiya.

*

Sunan Dogo, ɗaya daga cikin masu yankan, shi ne ya fito na biyu. Wata mai sayar da abinci a bakin rumfa ta ja Mai Sawu gefe, ta raɗa masa cewa makon jiya Dogo da Kurma sun kusa dambe a kan layin bishiyoyin da ke kusa da hanya, har Dogo ya rantse sai ya ga bayansa. Ta faɗa tana lashe baki, kamar wadda aka ba kyauta.

Ya sami Dogo a bayan gidansa yana wasa haƙoran sarƙa da magagari. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da ƙaramin tunani. Bai musa rantsuwar ba, ya ce kullum yana rantsewa, ko matarsa ba ta ƙirgawa. Jiya da rana kuwa, da aka tashi hutu, shi da Direba, mai tuƙa motar aikin, suka tafi cikin gari sayo man sarƙa, ba su dawo ba sai da aka fara aikin yamma. Direba ya tabbatar, mai shagon man ma ya tabbatar, har da ƙorafin cewa Dogo ya zubar masa da rabin galan a ƙasa. Mai Sawu ya so ƙwarai a ce Dogo ne, da aikin ya zo da sauƙi. Kafin ya tafi ya ɗaga zarton Dogon ya duba. Ba hula ko ɗaya, fulogin kuma fari fat saboda zafi. Ya ce masa injin nan ba zai ga ƙarshen wata ba. Dogo ya ce amma ai yana da murya.

*

Gandun yana da tafiyar rabin awa a ƙafa daga inda titi ya ƙare. Ba a yi ruwa ba tun jiya. Wurin da Kurma ya faɗi kuwa an tattake shi kamar filin ƙwallo, don haka Mai Sawu bai ɓata lokacinsa a can ba. Ya koma baya, wurin kututturen farko.

Kurma mutum ne mai tsari. Duk bishiyar da ya kayar, yakan aje zarton a ƙasa yana silo, ya share rassa da hannu, sannan ya ɗauka. A gefen kututturen farko ga shatin gindin injin a ƙasa, ga ɗigon man sarƙa guda ɗaya a ƙarƙashin bakinsa. A kututture na biyu ma haka. Sarƙa tsaye take ke nan. A na uku, wanda aka yanka bayan hutun rana, shatin injin yana nan, amma maimakon ɗigo sai ga layin mai siriri ya tafi gaba kamar an ja da zare, ga kuma 'yar kwalbatin da haƙoran sarƙa suka tona a ƙasa. Sarƙa mai gudu ce kaɗai ke watsa mai haka. Da safe injin lafiya yake. An taɓa shi ne da rana, a cikin dajin nan, lokacin da Bakanike yake shagonsa yana faɗa da masu kawo gyara.

Inda masu yankan ke hutawa wata inuwa ce a gindin ƙatuwar bishiya. Can gefe, taku goma, akwai wani faffaɗan dutse da suke jera zartuna a kai don su huce. Sawun takalma ya cakuɗe a wurin, amma mutum ɗaya ne kawai ya durƙusa. Ga gwiwarsa ta dama a ƙasa, ga bakin takalmin roba na hagu ya nutse, ya karkata waje. Mai Sawu ya daɗe yana kallon karkatar nan. Ya san ta tun tana sawun ƙafa ba takalmi, tun tana biye da tasa a hanyar makaranta. Ya gaya wa kansa cewa shugaban aiki yana da ikon durƙusawa ko'ina, ko igiyar takalmi ce ta kwance. Sai ya tuna takalmin roba ba shi da igiya, ya ji haushin kansa da ya fara irin tunanin mutanen rumfa.

Ya sa tsinke ya riƙa ɗaga busassun ganye a kewayen dutsen. Hula ta farko tana nan kusa, an ɓalle ta da bakin wuƙa. Ta biyun ta fi nisa, taku huɗu, inda abin da aka tofar kan faɗi. Wanda ya cire ta ya riƙe ta a baki ne saboda hannuwansa biyu suna aiki, ya kuma tauna ta. A jikin robar ga shatin haƙoran gaba, ɗaya cikakke, ɗaya rabinsa a karye a karkace. Mai Sawu ya naɗe hulunan a hankici. Ya zauna a kan dutsen har inuwa ta matsa daga kansa, sannan ya tashi.

*

Washegari da safe ya sa aka tara su a rumfar katako. Kofur ya zo da Bakanike, mota ta warke da ya ji za a yi taro. Ga Dogo, ga Direba, ga sauran masu yankan su shida da suka je gandu ranar, ga Helma a kan kujerarsa ta roba. Auta ta zo daga asibiti ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon abincin mijinta a hannu. 'Yan kallo sun cika titi.

Mai Sawu bai yi doguwar magana ba. Ya faɗi abin da ya gani a kututture uku, ya ce duk mai shakka ya je ya duba, hanya ba ta cizo. Ya ce Bakanike bai taka gandun ba, Dogo da Direba kuma suna cikin gari. Saura mutum bakwai da suka zauna a inuwa. Ya tambaye su wa ya tashi ya je wurin zartuna. Nan take duk suka zama masu nauyin barci. Wannan ya kishingiɗa, wancan ya rufe fuska da hula, ɗaya ma ya ce ciwon kai ya hana shi buɗe ido. Mutanen da jiya suka san komai, yau ba wanda ya ga ko tsuntsu.

Sai ya kwance hankici ya aje hular da aka tauna a kan tebur, ya kuma fito da kyandir guda ya yayyanka shi gida bakwai. Ya ce kowa ya ɗauki ɗaya ya ciza da haƙoran gaba, ya aje kusa da hular. Aka fara gunaguni cewa wannan wulaƙanci ne ga magidanta. Bakanike ya ce shi an cire masa takalmi a gaban matarsa, bai ji wanda ya yi maganar magidanta ba. Suka ɗauka. Maza shida masu gemu suka tsaya a layi suna cizon kyandir suna tofar da yawu, 'yan kallo suna danne dariya. Guntu na bakwai ya rage a kan tebur.

Helma bai motsa ba. Ya ce, "Yaya, ni ma?"

"Kai ma."

"A gaban 'yata?"

"Ita ta kira ni."

Helma ya buɗe baki zai yi magana, sai ya rufe da sauri ya kai hannu. Duk wanda ke rumfar ya san karyayyen haƙorin nan nasa, shekara nawa suna ganinsa in yana yi musu tsawa. Ba wanda ya kalli Helma, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Abin da ya biyo baya bai ƙara masa daraja ba. Ya ce taimako ya yi niyya. Kullum sai an yi masa ba'a cewa surukin Helma ne na ƙarshe a yanka, wai zartonsa tari yake yi kamar tsohuwa. Dogo ya kayar da biyar, Kurma yana kan ta uku. Ya gaji da jin kunya. Ya ga yadda mai babur ke yi wa sauran, ya ce mene ne a ciki, murɗa sukuru kawai. Bai tayar da injin ya saurara ba don kada a ji. Bai gaya wa Kurma ba domin ya san zai ƙi. Ya ɗauka yaron zai ji sauyin murya ya gane.

"Zai ji," in ji Mai Sawu. "Kurma."

Helma ya fara kuka, irin kukan da ake yi ana leƙen masu kallo. Ya ce shi ya ɗauko Kurma a kafaɗa har titi, kowa shaida ne. Bakanike ya tambaye shi ko a kafaɗar ya ɗauko dutsen da aka fasa masa taga. Wani daga cikin masu yankan, wanda ɗazu ciwon kai ya rufe masa ido, ya ce shi dama ya ga Helma ya nufi wurin zartuna, amma bai so ya shiga maganar dangi ba. Sauran suka fara tunawa su ma, ɗaya bayan ɗaya. Mai Sawu ya ce su adana, Kofur yana da takarda, in biro ɗinsa yana da lafiya.

Aka mayar wa Bakanike takalminsa. Ya saka, ya dubi zartunan da ke jere a bangon rumfa, ya ce daga yau duk wanda ya kawo masa inji ba hula ya san inda mai babur yake. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Mai sayar da abinci dai ta ce ita tun farko ta san ba shi ba ne.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta kalli mahaifinta har Kofur ya fita da shi, sannan ta juyo wurin Mai Sawu. Ta ce ba wannan ta aike shi ya samo ba. Ya ce ya sani. Ta miƙa masa kwanon abincin.

"Kai ka gano, Baffa. Kai za ka gaya masa. Ni bakina ba zai iya ba."

*

Ɗakin asibitin gado takwas ne, duk da mutane, ga masu jinya zaune a ƙasa. Kurma yana gadon ƙarshe kusa da taga, ƙafar a naɗe an ɗage ta a kan matashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce likita ya ce ƙafar za ta zauna, amma gwiwar ba za ta ƙara lanƙwashewa ba, aikin daji kuwa ya ƙare.

Mai Sawu ya aje kwanon, ya sunkuya, ya faɗi maganar a hankali. Kurma ya kai hannu bayan kunne. Mai Sawu ya ƙara murya, bai ji ba. A ƙarshe sai da ya kafa baki a kunnen ya faɗa da dukkan ƙarfinsa cewa an saki Bakanike, Helma ne ya murɗa sukurorin, ƙanen shi Mai Sawu, uban matar Kurma. Wata tsohuwa da ke ba ɗanta ruwa ta tsaya da kofin a sama.

Kurma bai yi mamaki ba. Ya kalli silin, ya ce ya sani. Ranar bai yi barci ba, kwance kawai yake, ya ga Baba ya durƙusa a gaban zartonsa. Mai Sawu ya tambaye shi da hannu da baki, to me ya sa ya yi shiru aka daki bawan Allah, aka kulle shi kwana biyu? Kurma ya ce ba wanda ya gaya masa an kama kowa, mutane sukan gaji da yi masa ihu sai su bar shi. Me ya sa kuma ya ɗauki injin bayan ya ga an taɓa?

Kurma ya juyo ya dube shi. Muryarsa ta fito da ƙarfi, kamar ta duk wanda ba ya jin kansa.

"Shekara tara ina auren 'yarsa, bai taɓa ɗaga kai ya kalli aikina ba. Ranar na ga ya durƙusa yana duba mini zarto. Na ji daɗi, Baffa. Na ɗauka ya fara ganina da mutunci."

Mai Sawu ya jawo kujera ya zauna. Ya buɗe kwanon, ya sa wa Kurma cokali a hannu. Auta tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ta ji duka. Ta daɗe a wurin kafin ta shigo.